Kurakuran da masu ɗanɗana sobolo da lamurji ke yi a wajen baje-koli, da yadda za a gyara su

Duk inda aka buɗe baje-kolin ƙananan masana'antu a Akra, tun zamanin da jama'a ke cika filin Trade Fair na La har zuwa tarukan da ake yi yanzu a manyan ɗakunan taro, ba a rasa teburan matan Nima da Mamobi da Fadama da Madina. Kula ce a gefe cike da ƙanƙara, robobi a jere: sobolo (wato ruwan zoɓo), lamurji, burkina (na gero da nono), asana (na masara), kunun aya, ruwan tsamiya. Masu yawo tsakanin teburan da takarda da biro kuwa ba 'yan kallo ba ne. Akwai mai shago da ke neman wadda za ta riƙa kawo masa kaya, akwai mai gidan abinci, akwai mai shirya abincin biki, akwai kuma alƙalan da aka naɗa su ba da maki. Abin da mutum ɗaya ya rubuta cikin minti biyu yana iya sa wata ta samu odar watan azumi gaba ɗaya, wata kuma ta koma gida da bashin sukari da na roba. Abin da ke damuna shi ne yawancin makin nan ba ingancin abin shan suke aunawa ba. Halin da harshen mai ɗanɗanawa ke ciki a lokacin suke aunawa.

Kuskuren farko tun daga gida ake tahowa da shi. Mutum ya ci waakye, wato shinkafa da wake, da shito, miyar barkono mai yaji, ya ɗora goro a kai, ya fesa turare, sannan ya zo ya ce zai bambance ƙamshin kanumfari da na kimba. Goro ya fi komai ɓarna a nan, domin duk wanda ya saba ci ya san bayan ɗacinsa ko ruwa ka sha sai ka ji shi da zaƙi-zaƙi. To, sobolon da aka sa wa sukari daidai sai ya zame maka mai yawan zaƙi, wanda bai ji sukari ba kuma ka ce ya yi daidai. A bar yaji da goro da man goge baki mai na'ana'a aƙalla awa ɗaya kafin a fara. Turare kuma a haƙura da shi ranar, musamman a hannun da zai riƙe kofi. A riƙe ruwa marar sanyi da burodin shayi, wanda ba shi da zaƙi sosai, don wanke baki tsakanin kofi da kofi. Burodin sukari da na bota ba su dace da wannan aikin ba.

Sai bin teburi yadda aka jera su. Masu shirya taro ba don harshenka suka yi jerin ba, don kuɗin rumfa da wanda ya riga zuwa suka yi. Idan teburin farko na mai lamurji ne da ta zuba citta ba ƙaƙƙautawa, zafin zai zauna maka a maƙogwaro na mintuna, duk sobolon da ya biyo baya kuma salam za ka ji shi. Ka fara zagayawa da ido, ka rubuta wa ke da me, sannan ka tsara: masu tsami marasa nauyi da farko, kamar ruwan tsamiya da sobolo marar kayan yaji, sai sobolo mai kayan ƙamshi, sai asana, sai masu nono da masu kauri, wato burkina da fura da kunun aya, tunda suna lulluɓe harshe, lamurji a ƙarshe. Kuma ka gwada iri ɗaya da ɗan'uwansa. Sobolo da sobolo ake karawa, ba sobolo da burkina ba.

Haɗiye duk abin da aka miƙo ma kuskure ne, kodayake na san kunya ce ke jawo shi. Yi lissafi: ƙaramin kofi mai mililita 50, teburi 20, lita ɗaya ke nan. Idan abin shan na da sukari giram 10 a kowace mililita 100, kusan ma'aunin lemon kwalba, ka sha giram 100, ninki biyu na kimanin giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini. Tun kafin ka kai rabin hanya harshenka ya daina jin bambanci. Ka kurɓa kaɗan, ka juya shi a baki, ka kawar da kai ka zubar a kofin da ka tanada mai murfi. Ka faɗa wa mai kayan tun farko cewa haka kake yi wa kowa, don kada ta ɗauka nata ne bai yi ba. Bayan kofi shida ko takwas ka zauna ka huta.

Sanyi yana rufa asiri. Abin sha mai tsananin sanyi ba ya fitar da ƙamshi, zaƙinsa ma raguwa yake a harshe, ga zafin Akra da ke sa duk abin da ya fito daga kula ya yi daɗi. Ka roƙi kofi biyu: ka sha ɗaya nan take, ka ajiye ɗaya minti goma. Na biyun ne zai gaya maka gaskiya. Kada kuma a jefa ƙanƙara cikin kofin gwaji, tsinka shi za ta yi.

Babban kuskuren da na fi so mu daɗe a kansa shi ne ɗaukar zaƙi a matsayin inganci. A kurɓa ɗaya, wanda ya fi sukari shi ke cin gasa, kusan kullum. Amma mai saye ba kurɓa ɗaya yake yi ba, roba guda yake shanyewa, kuma abin da ya burge a kurɓar farko shi ke gundura a ta biyar. Sukari yana ɓoye abubuwa da yawa. Yana ɓoye zoɓon da aka yi wa ruwa ya yi yawa. Yana ɓoye wanda aka dafa har ya wuce, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, ɗanɗanonsa kamar dafaffen ganye. Yana ɓoye ɗacin 'ya'yan kimba idan an daka ta da su maimakon a fasa kwanson kawai. Saboda haka kada ka tsaya ga tambayar ko ya yi daɗi. Tambayi kanka: bayan zaƙin ya wuce, me ya rage a bakina? Sobolo mai kyau yana barin tsamin zoɓo mai tsabta, da ɗan kama-baki kaɗan, da ɗumin citta a can baya. Idan abin da ya rage wani zaƙi ne mai naci da ɗan ɗaci kamar na magani, akwai yiwuwar an sa sinadarin zaƙi irin su sakarin. Ba laifi ba ne a tambaya, kuma ya kamata a rubuta shi a jikin roba. Haka ƙamshin abarba: na ɓawon gaske a hankali yake fitowa, ya gauraya da zoɓon, na filebo kuwa tun kafin kofin ya kai hanci yake dukan ka, ya tsaya shi kaɗai.

Wanda zai mai da wannan aiki sana'a ya sayi ƙaramar na'urar auna sukari, wadda ake ɗiga mata ɗigo biyu a duba ta fuskar haske. Ma'auninta Brix ne, kuma digiri ɗaya na nufin kusan giram ɗaya na sukari a giram 100. Tana shiga aljihu. Da ita za ka iya ce wa mai kaya nata ya kai 14, na maƙwabciyarta 10, maimakon a tsaya ana musu kan harshen wa ya fi.

Launi ma yana ruɗi. Mutane na ba wa mafi duhu maki da zaton ya fi zoɓo. Alhali ɗan ƙanƙanin kanwa yana kashe tsami ya kuma mai da jan zoɓo ya yi duhu zuwa shuɗi-shuɗi, domin launin zoɓo da tsaminsa tare suke tafiya. Zuba kaɗan a farin kofi ko gilashi, ka karkata shi a kan farar takarda. Ja mai haske a gefe alama ce mai kyau. Ja mai ƙyalli da ke rina harshe ya ƙi fita kuma sai a yi tambaya a kan kala.

Akwai tsami iri biyu, kuma rashin bambance su ya cuci mata da yawa, ya kuma wanke wasu da bai kamata ba. Zoɓo da tsamiya da tsaminsu aka halicce su. Burkina da fura ana son a ji tsamin nono a cikinsu. Asana kuwa masarar da ta kwana ake yin ta da ita, sai ƙonannen sukari ya ba ta launi da ɗan ɗaci, kuma wannan ɗacin ba aibi ba ne. Tsamin lalacewa daban yake. Ka saurari robar lokacin buɗewa: in ta yi "fiss", ko gindinta ya kumbura, ko kumfa na tasowa daga ƙasa, ko ka ji warin yis irin na kwaɓin burodi da ɗan cizo a kan harshe, abin ya fara tashi. Ruwa mai sukari da ya zauna cikin zafi haka yake yi, ƙwayoyin yis su ci sukarin su fitar da iska da barasa. Ga mai sayar wa Musulmi a Zango wannan ba ƙaramar magana ba ce. Irin wannan kofin ba a ba shi maki kaɗan, cire shi ake yi daga gwajin, a ja mai shi gefe a gaya mata.

Ido da zumunci su ne na gaba. Roba mai kyakkyawar takarda tana samun maki tun kafin a buɗe ta, haka ma Hajiyar da kuke unguwa ɗaya ko kuka haɗa suruki. Masu ɗanɗana ruwan inabi na Turai, duk da ba abin shanmu ba ne, sun koyi wannan darasi a bainar jama'a. A 1976 aka yi wani gwaji a Faris inda aka ɓoye sunayen kwalabe, sai alƙalai Faransawa da kansu suka fifita na Kalifoniya ta Amurka a kan fitattun na ƙasarsu. Gyaran ba ya cin kuɗi: wani daban ya zuba a kofuna iri ɗaya a bayan labule, ya rubuta wa kowanne lamba mai alƙaluma uku, kamar 417 ko 862, don kada 1 da 2 su sa a ji kamar jerin daraja ne. Ya kuma saka abin sha ɗaya sau biyu da lambobi daban ba tare da ya faɗa ba. Alƙalin da ya ba kofi ɗaya 16 a nan, 11 a can, yana buƙatar hutu. A wajenmu akwai ƙari: idan Alhaji babba ya kurɓa ya ce "ma sha Allah, wannan shi ne," wa zai rubuta saɓanin haka? Kowa ya rubuta nasa shiru, a karɓe takardu, sannan a buɗe baki.

Takardar makin kanta sau da yawa ba ta da amfani, saboda kowa bakwai ko takwas cikin goma ake ba shi don kada a ɓata wa wani. A raba makin tun kafin a fara, a kuma amince da ma'anarsa. Ni na fi son 20: launi da tsabtar gani 3, ƙamshi 5, daidaiton zaƙi da tsami da yaji 8, abin da ya rage a baki 4. Kowane maki a bi shi da kalma biyu ko uku na dalili. Batun roba da takarda a ware masa shafi daban: murfin a like yake ko tsohuwar robar ruwa ce aka wanke, akwai ranar yi da ranar lalacewa, an jera abubuwan da ke ciki, akwai lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana. Kada rashin lamba ya ci makin ɗanɗano, kada daɗi kuma ya sa a kau da kai daga rashin ta. Hukumar tana da tsarin lasisi mataki-mataki don ƙananan masu sarrafa abinci, mai matakai uku, ruwan hoda da rawaya da kore, kuma wadda hannunta ke da kyau amma ba ta da takarda, nuna mata wannan ƙofar ya fi mata amfani da a rage mata maki biyu.

Sannan a yi magana da mai kayan. Yawanci ajiye kofi ake yi a ce "ya yi, Allah ya ba da kasuwa," a wuce, ita kuma ba ta ƙaru da komai ba. Ga yadda ya fi: "Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kanumfarin ya fito sosai, launin ma ya yi. Kimbar ce ta ɗan yi ɗaci a ƙarshe. Da 'ya'yan kike dakawa?" Idan ta ce, "E, ɗana, haka na gada wajen innata," sai ka ce ta gwada tukunya ɗaya da kwanson kawai, ta rage sukari kaɗan, ta ba mutanen gida su gwada biyun ba tare da ta faɗa musu wanne ne wanne ba. A yi wannan a hankali, ba a gaban masu saye ba.

Mai niyyar ba da oda kuma kada ya yanke hukunci a filin. Kowa mafi kyawun tukunyarsa yake kawowa baje-koli, da asubar ranar aka dafa ta. Sayi roba uku da kuɗinka. Sha ɗaya a daren, bar ɗaya a firji kwana uku, ɗaya kuma ka ajiye ta awa huɗu a waje kafin ka mayar da ita firji, tunda abin da zai same ta ke nan a cikin trotro, wato motar haya, daga Madina zuwa Kaneshie ko ranar da aka ɗauke wuta. Bayan mako biyu ka aika wani da ba ta sani ba ya sayo maka daga inda take sayarwa kullum, ka auna da abin da ka rubuta ranar baje-kolin.