Kurakuran da aka yi da WhatsApp wajen safarar kayan abinci a lokacin annobar korona

Da aka sa dokar kulle a Legas, Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris 2020, an bar motocin abinci su ci gaba da tafiya, amma hanyoyi sun cika da shingaye, kasuwanni kuma ba kullum suke ci ba. Masu kai tumatir daga kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas da 'yan hatsin kasuwar Dawanau ta Kano duk sai suka koma kan waya. Ta taimaka ƙwarai, amma ta nan ma aka tafka asara.

Mafi muni shi ne saƙon muryar da ba shi da kwanan wata. Wani ya ce an tare hanya a Lakwaja, saƙon ya kwana uku yana yawo daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, direba ya ji ya karkata ta Mokwa da Jebba, alhali tuni hanyar ta buɗe. In an tura saƙo, lokacin turawar yake nunawa, ba lokacin da aka fara yin sa ba. Kwandon tumatir kuwa ba ya jira. Kwana ɗaya na ƙari a cikin rana, na ƙasa ya fara tsiyayar ruwa. Don haka duk labarin hanya ko na farashi ya zo da wuri, da rana, da ƙarfe nawa, da wanda ya gani da idonsa. Saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu, alamar ya sha turawa, kada a juya mota a kansa sai an kira wanda ke wurin.

Sai cusa komai a zaure ɗaya: gaisuwa, ta'aziyya, farashin buhun masara, duk a haɗe. A ware na kasuwanci, a saita shi yadda shugabannin zauren kaɗai ke rubutu. Mai aika sanarwa ta jerin watsa saƙo, wato hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda ba a zaure ba, kuma ya sani, wanda bai adana lambarsa ba ba zai samu ba.

Hoto ma ba shaida ba ne. A nemi gajeren bidiyo, dillali ya faɗi ranar da bakinsa, ya juye kwando a ga na ƙasa.

Wajen kuɗi, kada a yi lodi don an ga hoton rasit ko alat. A duba asusu a ga kuɗin sun zauna. In abokin ciniki ya rubuto wai ya canza lambar asusu, a kira shi a ji muryarsa, domin ana sace WhatsApp ɗin mutum da lambobi 6 na rajista da WhatsApp ke turowa ta tes. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mutum ke sa wa WhatsApp ɗinsa, na rage wannan.

Masu kaya da yawa suna dogara da taswirar da direba ya kunna don a ga inda yake, sun manta iyakarta awa 8, tafiyar Kano zuwa Legas kuwa kusan kilomita 1,000 ce, ga wuraren da babu sabis. Tun kafin mota ta tashi a tsayar da garuruwan da zai riƙa kira daga cikinsu, a sa masa data, a kuma karɓi lambar yaron mota.