Auna ɓarzajjen koko idan babu sikeli

Ɓarzajjen koko shi ne ƙwayar kokon da ake yin cakulan da ita, bayan an gasa, an fece ɓawon, an farfasa ta kamar tsakin masara. A jihohin kudu irin su Ondo da Osun ake nomansa, nan sai dai ya zo mana a ƙunshe cikin leda. Masu koyar da kek da biskit suna faɗin awonsa ne da giram, alhali a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa gwangwani da cokali ne a hannun mata.

Ƙa'idar guda ce: nauyinsa kusan rabin na ruwa ne. Ki ninka giram ɗin sau biyu, abin da ya fito shi ne mililita. Giram 60 zai ci wajen mililita 120 ke nan. Kofin awo mai mililita 240 yana ɗaukar kusan giram 120, babban cokali kuwa giram 7 zuwa 8. In an ce giram 30, babban cokali huɗu ne.

Gwangwanin madarar ruwa yana cin kusan giram 80, amma gwangwanaye ba girmansu ɗaya ba, don haka ki gwada naki. Ki cika gorar ruwa mai rabin lita, ki riƙa juyewa a ciki. In ta cika shi sau uku, to lissafin nan ya yi daidai da shi.

Wajen ɗiba ake yawan ɓata aiki. Mun saba awon hatsi da tozo, nan kuwa tozon kaɗai na iya ƙara cokali biyu ko uku, kuma abu ne mai ɗaci, ba sukari a cikinsa. Ki zuba da cokali har ya cika, ki shafe bakin da bayan wuƙa. Kada ki danna, kada ki girgiza, domin ƙananan gutsattsari za su zauna a tsakanin manya, awo ya yi nauyi. Saboda haka ne na ƙasan leda, wanda ya marmashe, ya fi na sama nauyi.

In za a daka, a auna tukuna. Kusan rabinsa mai ne, kuma man yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 34, to a bazarar Maris da Afrilu ba a daɗe ana daka ba zai dunƙule a turmi, gwangwani ba zai ƙara faɗa miki gaskiya ba. A yi dakan da sassafe.

Garin koko kuma daban ne, an matse masa yawancin mansa, kofi ɗaya wajen giram 85 ne. Kada a musanya su. Ɓarzajjen ba ya narkewa a shayi ko kunu, a cikin kwaɓin kek ko a kan fura da nono ya fi dacewa.

Da damina ki adana shi a kwalba mai murfi, don danshi na sa shi laushi, har ya yi fumfuna.