Kurakuran da masu koyon kanji suka fi yi da sauƙaƙƙun haruffa

Wanda ya taɓa Sinanci kafin ya shiga Japananci shi ya fi faɗawa kuskuren farko, wato ɗaukar cewa sauƙaƙa haruffan da aka yi a Japan da na ƙasar Sin aiki ɗaya ne. Kowa gaban kansa ya yi. Japan ta fitar da jerin kanji, wato haruffan asalin Sin da ake rubuta Japananci da su, guda 1,850 na amfanin yau da kullum a 1946, ta tsayar da sabuwar ƙirarsu, shinjitai, a 1949. Sin kuwa sai a 1956 ta ƙaddamar da nata tsarin.

Abin da ke ruɗa ɗalibi shi ne a wasu haruffan sun dace. Tsohon 學, koyo, ya zama 学 a ƙasashen biyu, haka 國, ƙasa, ya zama 国. Daga nan sai mutum ya saki jiki. To ga 廣, faɗi: Japan ta mayar da shi 広, Sin ta yashe cikinsa ta bar 广. Ga 氣 da ya zama 気 a Tokyo, 气 a Beijing. Akwai kuma waɗanda Japan ba ta taɓa ba sam: mota tana nan 車, gabas 東, doki 馬. Ka rubuta 车 ko 东 irin na Sin a jarrabawar Japananci, malami zai ja maka jan biro. Maganin shi ne a duba kowane harafi a jerin jōyō, wato jerin kanji na amfanin yau da kullum na yanzu, wanda aka sabunta a 2010 ya kai haruffa 2,136, kada a yi kirdado.

Wasu kuma suna zaton tsohuwar ƙira, kyūjitai, ta mutu. Tana nan da ranta a sunayen mutane, a ƙofofin wuraren ibada, da littattafan da aka buga kafin ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Sunan dangi Watanabe kaɗai ana rubuta shi 渡辺, 渡邊 ko 渡邉. In mutum ya miƙo maka katinsa da 澤, kada ka yi masa gyaran gangar auzinawa ka mayar da shi 沢 a wasiƙa. Kwafa yadda mai suna ya rubuta abinsa.

Juyawa baya daga sabuwar ƙira zuwa tsohuwa ma akwai tarko. Harafin 弁 na yanzu ya haɗiye tsofaffi uku, 辨 da 瓣 da 辯, kowanne da ma'anarsa, don haka sai kalmar da yake ciki ce za ta nuna maka asalinsa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi ba laifin ɗalibi ba ne, na waya ne. Tsarin Unicode, wanda na'urori ke gane haruffa da shi, ya ba haruffan Sin da na Japan da yawa lamba ɗaya, salon rubutun da ke cikin na'ura ne ke zaɓar ƙirar da za ta fito. In wayarka ba ta san Japananci kake karantawa ba, tana iya nuna maka 直 ko 骨 da ƙirar Sin, kai kuma ka yi wata guda kana kwafar su a littafinka. Shiga saitin harsuna ka ƙara Japananci, ka tabbata yana saman Sinanci in akwai shi, sannan ka gwada da 直: na Japan yana da layi a hagu da ya sauko ya lanƙwasa ta ƙasa.