Yadda ake gane shafin sharhi na bogi da lambar yabon da kamfani ya ba kansa kafin ka sayi injin ruwan alkalin

Duk wanda ya tambaye ni kan injin nan da ake jonawa a famfo ya raba ruwa gida biyu da lantarki, mai tsami da kishiyarsa da ake kira ruwan alkalin, abu ɗaya yake fara turo min: hoton wani shafi da ya jera injuna goma mafi kyau, ga tambarin zinare yana ƙyalli a gefe. Ni ma a nan aka kusa yi min sakiyar da ba ruwa, saura ƙiris na tura kuɗi, shi ya sa zan daɗe a wajen.

Da farko kar ka karanta sharhin tukuna, gangara can ƙasan shafin inda ake ƙananan rubutu. Abin da kake nema shi ne waye mai shafin kuma waye ke biyansa. In ka ga an rubuta suna samun kamasho idan ka saya ta wajensu, to dillali ne, kuma dillanci ba haram ba ne amma ba ka tambayar mai tumatir ko tumatir ɗinsa ya ruɓe. Sai ka danna maɓallin saye na injin da ya zo na ɗaya, da na biyu, da na bakwai. Sau da yawa na ɗayan ne kaɗai ke kai ka shago, sauran tara an jera su ne kawai don su sha kaye. A Amurka hukumar kare masu saye, FTC, ta fitar da doka a 2024 da ta hana kamfani ya buɗe shafin sharhi nasa ya riƙa nuna kamar na masu zaman kansu ne, kaga kenan abin ya yi yawa har sai da gwamnati ta sa baki.

Na biyu, ɗauki sunan shafin ka sa a WHOIS, wurin duba bayanan rajistar shafuka, ka ga ranar da aka yi masa rajista, sannan ka duba tsohon hotonsa a Wayback Machine, shafin da ke ajiye tsofaffin hotunan shafuka. Kyauta ne, datar ɗari biyu ma ta isa. Shafin da ke cewa shekara goma yana gwaji amma bara aka buɗe shi, ka rufe kawai.

To yanzu lambar yabo, inda na faɗi. Tambarin da na gani an rubuta gwarzon injin shekara, da ganyen zinare zagaye da shi, wallahi ya yi kyau, ban ma yi tunanin tambayar wa ya bayar ba. Ɗan yayata ne ya ce kawu mu kwafi sunan lambar mu sa a Google, muka sa, babu inda ta fito sai shafin kamfanin da shafukan dillalansa, kuma "cibiyar" da ta bayar ɗin adireshinta ɗaya da na mai sayarwa, har lambar waya ɗaya. Tun daga ranar tambaya huɗu nake yi wa kowace lamba: wa ya bayar, wace shekara, su wa aka kara da su, wa ya ci bara da bara waccan. In kamfani ɗaya ne ke ci duk shekara, ko kuma babu jerin waɗanda suka taɓa ci kwata-kwata, to shi ya kiɗa shi ya yi rawa. Akwai kuma wadda ake biyan kuɗin shiga kowa ya fito da kambu, ita ma ba na lissafa ta.

Takardun shaida ma haka. In an ce maka injin yana da rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, rajista daban amincewa daban, ita kanta FDA ta ce ba ta bayar da satifiket na rajista. ISO 9001 kuma magana ce ta tsarin tafiyar da kamfani, ba ta ce komai kan ruwan da zai shiga cikinka ba. Wadda ni nake dubawa ita ce ta NSF, cibiya mai zaman kanta da ke gwada kayan tace ruwa, lamba 42 ta ɗanɗano da kulorin ce, 53 ta abubuwa masu cutarwa irin su dalma, kuma ka je shafin NSF ɗin da kanka ka nemi sunan samfurin, kar ka yarda da hoton tambari. Za su ce maka Japan ta amince da shi a matsayin na'urar lafiya, gaskiya ne tun 1965, amma don matsalolin ciki ne, ba ciwon daji ba ba ciwon suga ba. Wani nazari da aka buga a mujallar BMJ Open a 2016 ma bai samu hujjar cewa ruwan alkalin na maganin ciwon daji ba.

Wasan ɗigon nan da masu talla ke yi a taro, a ɗiga wani ruwan gwaji a ruwansu ya koma shuɗi ko shunayya a ɗiga a lemo ya koma ja-ja, kar ya ruɗe ka, pH kawai yake nunawa, wato ma'aunin tsami ko kishiyarsa, ɗan gutsuren kanwa a kofi ma zai canza kalar haka. pH ɗin jinin mutum yana tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ke riƙe shi a nan, ruwan kuma asid ɗin ciki zai fara tararwa.

Sauran ka yi su da sauri: tambayi mai tallan nawa zai samu in ka saya, don wasu kamar kamfanin Enagic mai injin Kangen ta hannun dillalai masu cin kamasho suke sayarwa kuma injin dubban daloli ne. Tambayi kuɗin filta da inda za ka same ta a nan, da wa zai gyara in wuta ta ƙona shi. In kuma ruwan rijiya ko burtsatse kake sha, kai shi a gwada maka a ɗakin gwaji tukuna, don injin ba an yi shi ne don ya mayar da gurɓataccen ruwa na sha ba.