Kurakuran da sababbin mahaya keke ke yi da zarar sun bar kwalta

Duk Asabar bayan sallar asuba mukan haɗu a wajen Ƙofar Durɓi, mu miƙa gabas da kekunanmu. Wata rana mu tsaya a dam ɗin Ajiwa, wata rana mu ja har ƙasar Mani, inda Durɓi ta Kusheyi take, makwancin sarakunan Katsina na farko. Cikin birni shimfiɗe yake, shi ya sa yaron da ya saba kai-komo tsakanin Ƙofar Soro da Ƙofar Ƙaura yake ganin ya gama iya keke. Sai an sauka kan burji, an fara hawa da gangara tsakanin duwatsu da zaizayar ruwa, sannan ido ke raina fata. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon zuwa, shi ya sa na rubuta.

Birki zan fara da shi, don shi ya kwantar da ni wata biyu. Yawancin kekunan giya da muke hawa na gwanjo ne, kuma ba daga ƙasa ɗaya suke fitowa ba. Na Ingila da Japan, inda ake tuƙi ta hagu, birkin gaba a hannun dama yake. Na Amurka da akasarin ƙasashen Turai kuwa a hannun hagu yake. Ni ban san haka ba. Na yi shekaru a kan keken da damansa birkin baya ne, sai na canza wani, na ɗauko shi ranar Juma'a, Asabar na bi mutane da shi. Muna gangarowa daga wani tudu mai tsakuwa sai ga akuya da 'ya'yanta biyu sun ratso. Na damƙe dama da iya ƙarfina. Abin da na iya tunawa kawai, na ga tayar baya a sama, ni a ƙasa, bakina cike da jar ƙasa, ƙashin kafaɗata ya karye. Dattijon da ya fara isowa kaina bai tambayi ciwo ba, cewa ya yi, "Yaro, kai da abin hawanka ba ku gaisa ba kafin ku fito?" Na ce, "Baba, wallahi ba mu gaisa ba."

To don Allah, kafin ka hau kowane keke, ko na ɗan'uwanka ne, ka tura shi da hannu, ka matsa dama ka ga wace taya ta tsaya, ka matsa hagu ka gani. Minti ɗaya bai cika ba. Ni yanzu duk keken da ya shigo hannuna sai na sa mai gyara ya mayar mini da wayoyin yadda na saba. Wasu abokaina na cewa gara mutum ya koyi kowanne, ni dai hannuna ba ya tunani in akuya ta ratso.

Wani abin haushi kuma, waɗanda suka ji labarina sai su ƙaurace wa birkin gaba ɗungurungum, har akwai wanda ya kwance nasa. Wannan wauta ce. Na gaba shi ke da ƙarfin tsayar da keke, na baya kaɗai a kan tsakuwa jan ƙasa zai yi, ya watsar da kai gefe. A gangara ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka riƙa matsa duka biyun a hankali kana saki, ka rage gudu tun kafin kwana. In ka danne birki tun daga sama har ƙasa ba saki, roba da ƙarfe za su ɗau zafi, kamun ya ragu daidai lokacin da kake buƙatarsa.

Sai ruwa. Nan ne nake yi wa samari faɗa har su ce na cika tsegumi. Mutum zai zo da ruwan leda biyu a aljihu, a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kai digiri 40, wai ai tafiyar safe ce. Tafiyar safe ce in komai ya tafi daidai. Taya ɗaya ta sace, an ɓata rabin awa, an tsaya ɗaukar hoto a kan dutse, kafin a juyo hantsi ya dubi ludayi, dutsen kansa ya fara mayar da zafi kamar tanda. Ni ma na taɓa yi, ba zan ɓoye ba. Ciwon kai ya fara, sai jijiyar ƙafa ta ɗaure, sai na ji tsigar jikina na tashi cikin rana tsaka. Da kyar na kai gindin wata kuka. Wata baiwar Allah mai tallar fura da nono ce ta tsaya a kaina, ta ba ni ruwa a ƙwarya, ta dama mini fura, ta ƙi karɓar ko sisi. Sai a bayan a-kori-kura aka dawo da ni da keken.

Tun daga ranar ba na fita da ƙasa da lita biyu. Gora ɗaya nakan sa ta a firji ta kwana ta daskare, in zura ta cikin tsohuwar safa mai jiƙe. Ɗayar kuma ruwan gishiri da sukari ne irin wanda ake haɗa wa yara: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kurɓa-kurɓa ake yi tun ba a ji ƙishi ba. Da dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. A bazara ƙarfe tara na juyo, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Da azumi kuwa ba na doguwar tafiya sam, sai ɗan zagaye dab da magariba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka canza giya kana tsakiyar danna feda a kan tudu, sarƙa na iya tsinkewa. Sauko da ita tun kana gindin hawan. Sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta biya: ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa in feda na ƙasa. Iskar da kake cika wa taya don kwalta ta yi yawa a rairayi, ka ɗan rage. Dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa. Hular kwano ba gayu ba ce. Abin jin waƙa a kunne kuwa ka bar shi gida, tifar yashi ba ta san ka ba.

Da damina hanya kan tsuke, gero da dawa su rufe ta, sai wani ya ga yanke ya ratsa ta cikin kunya. Gonar mutane ce, ɗan'uwa. Sauka ka zagaya, in ka iske mutane a gindin bishiya ka yi sallama, ka tambayi hanya ko da ka san ta. Su ne za su gaya maka inda gulbi ya cinye hanya, da inda bai kamata a bi ba a makon nan. Yamma kuwa, wajen Batsari da Safana da bakin dajin Rugu, duk kyan duwatsun can ba ma zuwa, kowa ya san dalili. Ko gabas ɗin ma ba na fita ni kaɗai, kuma sai na faɗa a gida inda muka nufa da lokacin dawowa.

Ƙaya ce ta ƙarshe. Kada ka jingine keke ko ka tura shi a gindin aduwa ko bagaruwa don neman inuwa, ƙasan nan ƙaya ce zalla. Ɗauke shi a kafaɗa. Mai faci ba ya bin ka daji. A jakata kullum akwai tib sabo guda, da famfo, da gam, da 'yan faci, da ƙaramin sifana. In ka cire tib ɗin da ya huje, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka samo ƙayar ka zare ta. Makon jiya wani yaro ya huje tib biyu a jere da ƙaya ɗaya, na uku nawa ne na ara masa, har yau bai dawo da shi ba.