Yadda Ake Lura da Girman Tsutsar Faɗa-wuta da Saɓarta

Wata tsutsa mai sauƙin samu a Kaduna da damina ita ce mai cin masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ce, aka kuma fara ganinta a Najeriya a 2016. Uwarta faɗa-wuta ce, dangin malam-buɗe-littafi da ke tashi da dare. A watan Yuni ko Yuli, a nemi izinin mai gona a wajajen Rigachikun ko Kujama, a leƙa cikin masarar da ganyenta ya huhhuje, a ɗebo ƙanana tare da ganyen da suke kai.

Kowace tsutsa a ba ta kwalbarta, domin idan suka tasa cinye junansu suke yi. A rufe bakin kwalbar da ƙyallen gidan sauro, a ajiye a inuwa, kullum a share kashi a sa ɗanyen ganyen da ba a yi wa feshi ba. Kowace safiya a rubuta kwanan wata da tsawonta. Daga kimanin milimita 2 take somawa, cikin mako biyu zuwa uku ta haura santimita 3.

Saɓar ce ke bukatar haƙuri. Fatar tsutsa tana ɗan miƙewa, amma ƙoƙon kanta mai tauri ne, ba ya girma, don haka dole ta tuɓe su duka, yawanci sau biyar kafin ta gama girma. Idan lokacin ya zo, takan daina ci, ta lafe wuri guda kamar marar lafiya, bayan kanta ya kumbura, tsohon ƙoƙon ya zame zuwa gaba. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su taɓa ta da tsinke don su ga ko ta mutu, alhali sabuwar fatar ba ta yi ƙwari ba. Kada a taɓa ta ko kaɗan.

Sau da yawa ba a tarar da tsohuwar fatar, domin tsutsa kan cinye ta, amma ƙoƙon kan yana nan cikin kashi. A ganina ya fi awon tsawo amfani: a tsince shi, a manna a littafi kusa da kwanan watan, jerin ƙoƙunan zai nuna matakin da ta kai.

Idan ta ƙoshi ta fara kewaye kwalba, a zuba mata ƙasa mai ɗan laima, zurfin santimita 8. A ciki za ta yi saɓar ƙarshe, ta koma kwanso ja-ja marar ƙafa, bayan kwana goma ko makamancin haka faɗa-wuta ya fito. Kada a sake shi, tunda maɓarnacin amfanin gona ne.