Yadda za ka ci moriyar shekarar jira kafin sake neman gurbin karatun likita

Duk shekara idan jami'o'in Najeriya suka fitar da sunaye, ɗalibai da yawa da suka nemi likitanci sukan tarar an tura su Bayoloji ko Kemistiri, wasu kuma ba su ga sunansu ba sam. Daga nan ko dai a karɓi abin da ya samu, ko a zauna shekara guda a sake nema. Zaman yana da amfani ga wanda ya san takamaiman abin da ya hana shi shiga. Wanda bai sani ba, yawanci makin bara yake sake kawowa.

Fara gano inda aka tsayar da kai

Hukumar MDCN mai kula da likitoci ce take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Saboda haka mafi ƙarancin makin da jami'a ta sanar don sayen fom ɗin Post-UTME, wato tantancewar da jami'a take yi da kanta bayan jarrabawar JAMB, ba shi ne makin shiga likitanci ba. Daga sama ake ɗebowa har gurabe su cika. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka yi wa nisa a ilimin boko. Ɗan Katsina da ya nemi ABU Zariya ko Jami'ar Bayero yana da ƙofofin da ba zai samu a Ibadan ba.

Ka ɗauko takardunka guda uku ka duba su ba tare da son kai ba. Na farko sakamakon WAEC ko NECO: ana buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma makarantun likitanci da dama a zama ɗaya suke so. Na biyu makin UTME, wato jarrabawar JAMB. Na uku makin Post-UTME. Sannan ka bincika yadda jami'ar da kake nema take haɗa su, domin kowace da tsarinta. Inda ake raba makin UTME gida takwas a mayar da 400 ɗinsa 50, mai 280 yana da 35, mai 240 yana da 30. Tazarar maki 40 ta koma 5 ke nan, kuma 'yan tambayoyi kaɗan a Post-UTME za su iya cike ta ko su faɗaɗa ta. Ɗalibai da yawa kan ajiye littafi ranar da suka gama UTME, a nan suke zubar da gurbin.

Idan ka yi iya ƙoƙarinka bara kuma ba ka kai 200 ba, shawararmu ka yi tunani sosai kafin ka ɗora shekara guda a kan likitanci kaɗai. A 2025, waɗanda suka kai 300 ba su cika ɗaya cikin ɗari na masu jarrabawar ba.

Takardu kafin karatu

Makin UTME na shekararsa ne kawai, ba a ajiye shi. Rajista sabuwa za ka yi, yawanci tsakanin Janairu da Maris, a yi jarrabawar a Afrilu zuwa farkon Mayu. Ashe shekarar da kake ganin kana da ita wata takwas ce ko tara.

Idan matsalar a WAEC ko NECO take, ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, wadda aka fi sani da GCE, ko takwararta ta NECO. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sake darasin da aka faɗi kaɗai. Idan jami'arka zama ɗaya take nema, duka biyar ɗin za ka sake, ko da kana da A a huɗu.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma bayanan da ke kanta ake kwasowa kai tsaye. Ka jera takardar NIN da ta WAEC ka gwada harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan mahaifi ya riga naka a ɗaya, ko ranar haihuwa ta bambanta: ƙananan abubuwa ne da kan hana mutum rajista a jami'a bayan ya samu gurbin. Gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, yana cin lokaci, don haka a yi shi tun kafin Disamba. Layin wayar da za ka nemi lambar rajista da shi ya zama naka, ba na mai shagon kwamfuta ba, kuma kada ka bari a rufe shi. Wanda bai cika shekara 16 ba, dama yawanci jiran ya zame masa dole.

Tsarin karatun

Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kowane darasi maki 100. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Sanin amsa bai isa ba, sai an san ta da sauri.

Ka sauko da manhajar JAMB daga shafin hukumar, ka buga ta a takarda, ka sa alama a kan kowane babi: wanda ka iya, wanda ka ɗan sani, wanda ba ka taɓa fahimta ba. Daga Agusta zuwa ƙarshen Disamba a kan kashi na uku da na biyu za ka zauna. Awa biyar a rana, kwana shida a mako ya wadatar, in dai karatu ne da biro a hannu kuma waya tana wani ɗakin. Darasi mafi wuya a ba shi bayan asuba. Ɗalibai suna son komawa Bayoloji domin yana da daɗin karantawa, alhali wanda yake cin 70 a Bayoloji da 45 a Fiziks, a Fiziks makinsa yake kwance. Sau da yawa ma raunin Fiziks na lissafi ne: juya ƙa'ida don fitar da abin da ake nema, sarrafa lambobi masu ɗigo, sauya ma'auni. Mako biyu a kan waɗannan yana buɗe babuka da dama. A Kemistiri, lissafin mol da sinadaran kabon su ne ke buƙatar maimaici. Turanci ba ya haddatuwa a wata guda. Karanta shafi biyu ko uku na jarida kullum, ka riƙa rubuta sababbin kalmomi, kuma ka tabbatar littafin labarin da kake karantawa shi ne wanda JAMB ta sa a bana, domin ana sauya shi.

Daga Janairu sai tsofaffin tambayoyi, babi-babi tukuna, ba shekara-shekara ba. Ka buɗe littafi na musamman don duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta dalilin: rashin sani ne, gaggawa ce, ko rashin fahimtar Turancin tambayar. Littattafan tsofaffin tambayoyi na kasuwa suna da amsoshin da ba daidai ba, saboda haka duk amsar da ta saɓa wa littafin karatu a kai wa malami. Makonni shida na ƙarshe, cikakkiyar jarrabawa a kan kwamfuta sau biyu a mako, da agogo. Ka yi jarrabawar gwaji ta JAMB ko don hannu ya saba. A shekarun nan azumi yana faɗowa a farkon shekara, daf da jarrabawa, don haka babuka masu nauyi su ƙare kafin a ga wata.

Lesin yana taimakawa idan ajin ƙarami ne kuma ana gwaji duk mako. Duk cibiyar da ta yi maka alkawarin maki, ko wanda ya ce zai ƙara maka bayan sakamako ya fito, kuɗinka yake so.

Hanya ta biyu

Akwai IJMB da ke ƙarƙashin ABU Zariya, da JUPEB. Karatun kusan shekara guda ne a darussa uku, wanda ya ci sai ya sayi fom ɗin DE (Direct Entry) na JAMB ya shiga aji biyu kai tsaye. Makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa tana cikin masu gudanar da IJMB. Amfaninsa, ko ba ka samu likitanci ba shekarar ba ta tafi a banza ba, kuma karatun yana ƙarfafa ka ga UTME. Sai dai guraben DE a likitanci kaɗan ne ƙwarai, kuma ba kowace jami'a ce take karɓa ba. Ka tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar kafin ka biya, ka kuma tabbatar cibiyar tana da rajista.

Batun a karɓi wani kwas da niyyar sauya sheƙa a aji biyu, kada ka gina komai a kansa sai ka ga ƙa'idar a rubuce.

Zuwa asibiti aikin sa-kai ba ya ƙara maki a Najeriya, saɓanin Amurka inda ake duba shi. Amma 'yan makonni a asibitin gwamnati, da izinin shugabanninsa, za su nuna maka ko kana iya jure jini da wari da kukan masu jinya. Ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tukuna, guda uku ce: ta farko, bayan wata ɗaya, da bayan wata shida. Kallo da ɗan aike ne naka, ba yi wa mutane allura a kemis ba.

A gida kuma a yi magana tun farko. Wanda yake zaune kowa yana ganinsa ba shi da aiki, namiji a tura shi kasuwa ko gona, mace a bar mata girki da raino, wani lokacin ma maganar aure ta taso. Ku yi yarjejeniya da iyaye a kan awannin da ba a aike, da kuɗin rajista, da abin da za a yi idan ba a dace ba.

Bayan jarrabawa, ka je cibiyar jarrabawar kwamfuta (CBT) mai rajista a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafinka na JAMB, domin ba a tantance wanda nasa ba ya kai. Idan makin bai kai na likitanci ba, akwai damar sauya kwas ko jami'a kafin a rufe fom ɗin Post-UTME, zuwa haɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti, ko jami'ar jiharku. Ka riƙa duba CAPS, shafin JAMB da ake ba da gurbi ta cikinsa, duk mako, kuma ka karanta sunan kwas ɗin kafin ka danna karɓa, domin da zarar ka karɓa wata jami'a ba za ta ƙara duba sunanka ba a wannan shekarar.